Kafin a zuba kankaren dakin a Saudiyya: abin da doka ke nema

'Yan uwanmu na Makka da Jidda da Madina da yawa suna cikin harkar gini, wani kafinta, wani mai ɗaura rodi, wani kuma gidan iyayensa yake so ya ƙara wa hawa. Tsohuwar al'ada ita ce a kira mai aiki, a sayo siminti da rodi, a zuba dakin, wato rufin kankare, cikin dare. Wannan zamanin ya wuce. Tun watan Yuli na 2021 ƙa'idar gini ta Saudiyya ta hau kan gidajen zama, har da ƙananan gidaje masu hawa uku zuwa ƙasa.

Da farko a sani, ba a bayar da izini na dakin shi kaɗai. Dakin ɓangare ne na lasisin ginin gaba ɗaya, wanda ake nema ta manhajar Balady ta hukumomin birni. Mai gida ba ya shigar da takardun da kansa, ofishin injiniyoyi mai rajista ne ke yi masa. Ana buƙatar takardar mallakar fili, da takardar awon filin, da gwajin ƙasa, da zanen da ya nuna kaurin dakin da girman rodi da tazararsa. Sai kwangila da ɗan kwangila, da wata da ofishin da zai sa ido kan aikin. Sai inshorar ɓoyayyun aibobi, wadda ke ɗaukar nauyin gyaran aibin ƙashin ginin na shekara 10.

Inda dokar ta fi tsananta shi ne ranar da ke gaban zuba kankare, kuma a ganina nan ne ta fi gaskiya. Da zarar kankare ya rufe rodi, babu idon da zai sake ganin abin da ke ciki. Don haka sai injiniya mai sa ido ya hau kan katakon ya duba: rodin ya yi daidai da zane? An ɗaga shi daga katako yadda kankare zai lulluɓe shi ta ƙasa? Tokaran da ke riƙe da katakon za su ɗauki nauyi? Bututun wuta da na ruwa ba su yanke rodi ba? In ya gamsu ya sa hannu, ya tura rahoton matakin. Kamfanin inshora ma yana da nasa masu dubawa. Wanda ya zuba kafin a duba, ya jawo wa kansa gwaje-gwaje masu tsada, wani lokaci har da fasawa.

Ranar zubawa ana ɗibar samfurin kankaren daga mota, a gwada ƙarfinsa bayan kwana 7 da kwana 28. A nan ne wasu ma'aikata ke ɓata aiki, su ƙara ruwa don kankaren ya yi musu laushi, alhali ƙarfinsa suke ragewa. Da bazara kuma an hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, shi ya sa za ka ga ana zubawa da dare ko bayan asuba.

Maganar ƙarin ɗaki a saman tsohon gida fa? Shi ma sai da izini, kuma sai injiniya ya tabbatar ginshiƙan ƙasa za su ɗauka. Lasisin gyara na fenti da tayil ba ya halatta sabon dakin.

Wanda ya yi gini ba izini, baladiyya, wato hukumar birni, tana tsayar da aikin, ta ci shi tara, tana kuma iya sa shi rushe abin da ya saɓa da kuɗinsa. Ko ya tsallake wannan, akwai takardar shaidar kammala gini da ke jiransa a ƙarshe, wadda sai da ita ake haɗa masa wutar lantarki ta dindindin, kuma ba ta fita sai rahotannin kowane mataki sun cika.