Taimakon Lauya da Tallafin Jama'a ga Iyalan Baƙi a Amurka

Taimakon lauya ga iyalan baƙi a Amurka ya ƙunshi hanyoyin da wanda ba ɗan ƙasa ba yake bi ya sami mai tsaya masa a gaban hukumar shige da fice ko a kotu, haɗe da tallafin da masallatai, majami'u da ƙungiyoyin 'yan ƙasa ɗaya suke bayarwa. Abin ya shafi Hausawa ma, musamman mutanen Nijar da na zango-zangon Ghana da ke zaune a unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York.

Tushen matsalar

Kotunan shige da fice suna ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, ta hannun ofishin EOIR da aka kafa a 1983. Doka ba ta ɗauki shari'ar korar baƙo a matsayin shari'ar laifi ba, saboda haka gwamnati ba ta ɗaukar masa lauya kamar yadda take yi wa wanda ake tuhuma da sata ko kisa. Yana da damar zuwa da lauya, amma ba da kuɗin gwamnati ba, ko da kuwa yaro ne. Ita gwamnati kullum da lauyanta take zuwa.

Binciken da Ingrid Eagly da Steven Shafer suka wallafa a 2015, bayan nazarin shari'u fiye da miliyan 1.2 na tsakanin 2007 da 2012, ya nuna kashi 37 cikin ɗari ne kawai suka sami lauya, a cikin waɗanda ke tsare kuwa kashi 14. Zuwa ƙarshen 2023 shari'un da ke jiran hukunci sun haura miliyan 3. Wannan cunkoso da ƙarancin masu taimako su ne suka buɗe wa 'yan damfara kasuwa.

Wanda doka ta yarda ya wakilci baƙo

Galibi mutum iri biyu ne. Na farko lauya mai lasisi daga ɗaya daga cikin jihohin ƙasar. Hukumar da ke kula da lauyoyi a jiha tana da rajistar da ake duba sunansa, a ga ko an taɓa dakatar da shi. Na biyu ma'aikacin ƙungiyar agaji wanda Ma'aikatar Shari'a ta tantance, kuma sunayensu suna cikin jerin da ma'aikatar take wallafawa. Wakili na gaskiya yana sa hannu a takardar G-28 idan lamarin na USCIS ne, wato hukumar da ke duba takardun neman izinin zama da zama ɗan ƙasa, ko EOIR-28 idan na kotu ne. Wanda ya karɓi kuɗi amma ya ƙi sa sunansa a takarda, ya riga ya nuna ko shi wane ne.

Damfarar da ta fi yaɗuwa ita ce ta masu buga hatimi a takardu, waɗanda ake kira notary. A ƙasashen Latin Amurka da ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, irin su Nijar, mai wannan muƙami masanin doka ne mai daraja. A Amurka kuwa aikinsa shaida sa hannu kawai, ba shi da ikon ba da shawarar shari'a. Iyalai da dama sun miƙa guminsu ga irin waɗannan, aka cika musu takardar neman mafaka da labarin da ba nasu ba. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba: wanda alƙali ya samu da shirya ƙarya da gangan a neman mafaka yana iya rasa damar samun takardun zama har abada. Sauran alamomin su ne alkawarin nasara tabbas, da'awar sanin wani a cikin hukuma, sa mutum ya sa hannu a takarda mara rubutu, da riƙe fasfo ko takardar haihuwa ta asali.

Wa'adin da ke kayar da mutane

Neman mafaka da takardar I-589 yana da wa'adin shekara 1 daga ranar shigowa, sai in akwai uzurin da doka ta amince da shi. Wanda ya sauya gida zai sanar da USCIS cikin kwana 10, kotu kuma cikin kwana 5. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma idan sammaci ya tafi tsohon adireshi mutum bai halarci zama ba, alƙali na iya yanke hukuncin korarsa a bayan idonsa. Kotu tana samar da tafinta kyauta, kuma ya fi kyau mutum ya nemi harshen da ya fi iyawa, kada kunya ta sa ya lallaɓa da Turanci ko Faransanci.

Inda ake samun taimako

A 2013 aka fara shirin NYIFUP a New York, wanda yake ba baƙin da ke tsare marasa hali lauya kyauta ta hannun Bronx Defenders, Brooklyn Defender Services da Legal Aid Society. African Services Committee, wadda 'yan gudun hijirar Habasha suka kafa a 1981, tana aiki a Harlem, akwai kuma African Communities Together da ta fara a 2013. A faɗin ƙasa, cibiyar CLINIC ta cocin Katolika tana haɗa ofisoshin agaji da dama, kuma ba a tambayar addinin mai nema. Wasu hakkoki ba su rataya a kan takardun zama ba: hukuncin Kotun Ƙoli na Plyler v. Doe a 1982 ya tabbatar wa kowane yaro karatu a makarantar gwamnati, wata dokar tarayya ta 1986 kuma ta wajabta wa asibitoci duba mai larurar gaggawa.

Rawar jama'a

Baƙo yakan fara sauka a hannun 'yan'uwa: su ba shi masauki, su nuna masa aiki, su yi karo-karo idan an tsare wani ko an yi rasuwa. Bayan gobarar ginin Twin Parks a Bronx a Janairun 2022, wadda ta kashe mutum 17, akasarinsu 'yan asalin Gambiya, masallatan unguwar da ƙungiyar matasan Gambiya sun kasance kan gaba wajen tara gudummawa. Sai dai amanar da ke riƙe jama'a ita ce ɗan damfara yake fakewa da ita, don sau da yawa ɗan gida ne mai jin harshe. Shawarar "haka wane ya yi ya samu" ma tana da haɗari, tunda ranar shigowa ko wani tsohon kamun 'yan sanda kan bambanta shari'u biyu masu kama da juna. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka ƙware suke gayyato lauyoyi masu lasisi zuwa masallaci ko zauren taro, su kuma su ɗauki nauyin fassara, rakiya zuwa kotu da kula da yara ranar zama.