Cat5e, Cat6, Cat6a: me lambar jikin wayar intanet take nufi?

Bangon bulo da dekin ba sa ga-maciji da wayifai. Rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, tana falo sigina ya cika fal, kana hawa bene ko ka shiga ɗakin ƙurya sai ya koma sanda ɗaya. Shi ya sa masu sabon gini a Millennium City da Malali da Barnawa a Kaduna suke ƙara sa a ja musu wayar intanet cikin bango tun kafin a yi filasta. A nan ne mai wayarin zai ce, "Alhaji, Cat5e za a sa ko Cat6?" Mafi yawan lokuta amsar ita ce a sa mai babbar lamba, ba tare da an san abin da lambar take faɗa ba.

Cat gajarce kalmar Turanci ce mai nufin rukuni ko aji. Ƙungiyar TIA ta Amurka ce ta tsara waɗannan azuzuwa a ƙa'idarta mai lamba 568. Lambar da ke bin Cat ba sunan kamfani ba ce. Alkawari ne cewa idan aka ɗora wayar a na'urar gwaji za ta ɗauki sigina mai saurin kaza zuwa nisan kaza ba tare da ya gurɓace ba.

Fere robar waje ka gani. Siraran wayoyi 8 ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowace da farar abokiyar tafiyarta. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ne sirrin abin gaba ɗaya. Duk hayaniyar lantarkin da ta faɗo daga waje takan shafi wayoyin biyu daidai wa daida, sai na'urar da ke karɓa ta soke ta. Kuma kowane biyu da irin tsananin murɗinsu, don kada saƙon wannan ya tsallaka cikin na wancan. Idan lamba ta hau, murɗi yakan ƙara tsauri, jan ƙarfen ya ƙara kauri. Galibin Cat6 har wata roba mai kusurwa huɗu ake sa mata a tsakiya, tana raba kowane biyu da maƙwabtansu.

Cat5e tana aiki har megahaz 100 (ma'aunin saurin bugun sigina), tana kai saƙo gigabit 1, wato megabit 1,000, a daƙiƙa zuwa mita 100. Daga 2016 ma an fito da ƙa'idar da ke tura gigabit 2.5 a kanta. Cat6, wadda aka amince da ita a 2002, megahaz 250 ce. Tana iya gigabit 10, amma fa iyakarta wajen mita 55, bayan nan sai ta sauka. Cat6a ta 2008 ita ce mai megahaz 500, mai kai gigabit 10 har cikakkiyar mita 100. Sai dai tana da kauri da taurin kai, lanƙwasa ta a kwana cikin fayif aiki ne ja.

To gida me yake buƙata? Intanet ɗin da yake shigowa yawancin gidajenmu, ko ta faiba ko ta Starlink da ya fara aiki a Najeriya a 2023, bai kai gigabit ɗaya ba. Talabijin da yawa ramin wayarsu ma megabit 100 ne kacal. Ke nan Cat5e ta gaskiya ta wadatar a yau. Duk da haka, ni dai in waya za ta shiga bango, Cat6 nake ba da shawara. Bambancin kuɗinsu bai kai kuɗin fasa bango da sake fenti ba, kuma gidan zama da wuya ka sami layin da ya wuce mita 55 daga rauta zuwa ɗaki. Cat6a sai mai babban fili, ko makaranta, ko ofis.

Sauran lambobin ba sai an daɗe a kansu ba. Cat7 TIA ba ta san da ita ba, ƙa'idar ISO ce, ƙungiyar ƙa'idoji ta duniya, kuma an tsara ta da wani irin kai daban da RJ45, wato irin ramin wayar da ke jikin rautarka. Cat8 ta manyan ɗakunan sabar ce, wato kwamfutocin ajiye bayanai, mita 30 take tsayawa. "Cat6e" kuwa babu ita a kowace ƙa'ida, 'yan kasuwa ne suka raɗa mata suna.

Inda ake cin kasuwar mutane ba a lamba ba ne, a cikin wayar ne. Ƙa'ida ta ce jan ƙarfe zalla. Amma akwai wadda ake kira CCA: alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, kamar ɗan kunne mai ruwan gwal. Kwalinta da kyau, an buga Cat6 ɓaro-ɓaro, farashi kuma ya faɗo ƙasa sosai. Irin wannan ba ta cikin kowane aji, ko me aka rubuta mata. Alminiyam yana tauye wutar da ke bi ta cikinsa fiye da jan ƙarfe da sama da rabi, yana saurin karyewa in an lanƙwasa, kuma bakinsa yakan yi tsatsa irin tasa a inda aka matse kai, layi ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Abin ya fi muni ga masu kyamarar tsaro. Yanzu yawancin kyamarori ta wayar intanet ɗin suke shan wuta, tsarin da ake kira PoE, wanda ya fara da wat 15.4 a 2003, yau ya kai wat 90. Idan waya CCA ce kuma layin da tsawo, wutar takan ragu a hanya, wayar ta yi ɗumi. Da rana kyamarar bakin get tana aiki lafiya lau. Dare na yi ta kunna fitilunta na gani a duhu, buƙatar wuta ta ƙaru, sai ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi, daidai lokacin da aka saye ta dominsa. Araha dai ba ta ado.

Gane ta ba wuya. Ko a shagunan Ahmadu Bello Way kake ko a Kasuwar Sheikh Gumi, ce wa mai shago, "Malam, yanko min ɗan guntu." Kankare silin waya ɗaya da reza: in fari ya leƙo daga ƙarƙashin ja, alminiyam ne. Ko ka kara masa wutar laita: jan ƙarfe zai yi jajir ya tsaya, alminiyam zai lanƙwashe nan take. Ɗaga kwalin ma shaida ce, na jan ƙarfe yana da nauyi sosai. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan gwaji.

Kwali guda mita 305 ne, wato ƙafa 1,000 a ma'aunin Amurka. A jikin robar akwai lambar mita da aka buga a jere. Duba ta bakin farko, in an gama aiki ka duba inda aka tsaya, ka san abin da aka ci da abin da ya rage. Ta kwali, kowace siririyar waya a cikinta sili ɗaya ce mai tauri, ita ce ta cikin bango. Wadda ake jona kwamfuta da ita daga soket kuwa mai gashi-gashi ce, tana jure naɗi da warwara, gara ka saye ta haɗaɗɗiya. Mita 100 ɗin nan ma haka aka kasa ta: 90 a bango, 10 na gajerun wayoyin bakin biyu.

Akwai mai rufin ƙarfe a ciki, ana rubuta mata FTP ko STP. A gida ba ta da wani amfani sai an haɗa ta da atin, wato wayar da ke sauke wuta ƙasa, yadda ya kamata. UTP marar rufi ta isa, muddin ba a cusa ta fayif ɗaya da wayar wuta ba. Cikin silin ɗaki a sa ta a fayif saboda ɓera. Wadda za ta bi waje kuma a nemi baƙa mai robar da ke jure rana, don zafin Maris da Afrilu yana busar da ta cikin ɗaki har ta tsattsage, ruwan damina ya samu hanya. Tsakanin babban gida da ɗakunan baya, in da hali faiba, wayar zaren gilashi, ta fi, domin gilashi ba ya ɗauko tsawa ya kai wa rauta.

Saura ɗaure kai. Kada a warware murɗin ya wuce milimita 13, kuma a bi tsarin launi ɗaya a duk gidan, ko tsarin A ko tsarin B na ƙa'idar 568. Gigabit sai da wayoyin nan 8 duka. Megabit 100 kuwa huɗu kawai yake nema. Don haka in sili ɗaya bai kama ba, sau da yawa intanet zai zo, kowa ya ɗauka aiki ya yi, alhali layin ya sauka zuwa 100. Kafin a sallami mai aiki, a sa testa a kowane soket a ga fitilu takwas sun kama a jere, sannan a jona kwamfuta a duba ko ta nuna megabit 1,000.