Waiwaye: Tarihin takarar harsasan harbin nesa

A Zariya hirar bindiga ba baƙuwa ba ce. Garin da ke da Depot na horar da kuratan soja, ga Jaji a kan hanyar Kaduna, da wuya majalisa ta rasa tsohon soja. Idan hira ta kai ga harbin nesa, yawanci a kan ce harsashin da ya fi girma shi ya fi cin zango. Tarihin abin bai tsaya a nan ba.

Kakan manyan harsasan shi ne .50 BMG, mai kaurin milimita 12.7. Maƙerin bindigogi ɗan Amurka, John Browning, ya fara aikinsa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan Amurka suka karɓe shi a 1921. Ba don harbin mutum ɗaya daga nesa aka ƙera shi ba, an yi shi ne don babbar mashinga mai huda ƙarfe da kakkaɓo jirgi. Ɗan'uwansa na Rasha, 12.7×108, shi ne na bindigar da ake girkawa a bayan Hilux, wadda mutanen Arewa suka sani ta hanyar da ba mu so. A 1967, a yaƙin Biyetnam, sojan Amurka Carlos Hathcock ya ɗaura wa mashingar M2, mai harba .50 BMG, madubin jawo nesa, ya sami abokin gaba a nisan mita 2,286. Shekara 35 ba wanda ya wuce wannan, sai a 2002 da Arron Perry na Kanada ya kai mita 2,310 a Afganistan, sannan Rob Furlong, shi ma na Kanada, ya kai mita 2,430 a can, dukansu da .50 BMG.

Matsalarsa nauyi. Bindigar Barrett M82 da aka fitar a 1982 ta kai wajen kilo 14, ga ƙara, ga dukan kafaɗa. Sojan da zai hau tsauni da ita ya san ya ɗauki kaya. Wannan ya sa a shekarun 1980 aka shiga neman matsakaici, har kamfanin Lapua na Finlan ya fito da .338 Lapua Magnum, mai kaurin milimita 8.6. Kan harsashinsa giram 16 zuwa 19 ne, alhali na .50 ya haura giram 40, bindigarsa kuma kusan rabin nauyin waccan. A Nuwamban 2009 Craig Harrison na sojan Ingila ya kai mita 2,475 da shi a lardin Helmand na Afganistan. Ƙaramin ya wuce babban.

A nan ne asirin yake, kuma shi nake so matasanmu masu sha'awar aikin soja su fahimta. Harsashi yana fita da gudun da ya kusa ninka na sauti sau uku, iska kuma tana ta rage masa ƙarfi. Idan gudunsa ya sauko kusa da na sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, sai ya fara tangal-tangal, ya bar hanya. Don haka abin tambaya shi ne tsawon zangon da zai ci kafin ya kai wannan gaɓa. Dogo siriri mai nauyi ya fi gajere mai kauri keta iska, kamar yadda kibiya ta fi dutsen majajjawa miƙewa.

Wannan lissafi ne ya haifi .408 CheyTac a farkon shekarun 2000, daga baya aka matse wuyan kwansonsa aka sami .375 CheyTac. Shi kuwa .416 Barrett na 2005 doka ta taimaka wajen haihuwarsa, don jihar Kalifoniya ta hana sayar da bindigogin .50 BMG, sai kamfanin ya rage kwanson ya ɗora masa siririn kai. A gasar harbin mil biyu da aka fara a Raton, jihar New Mexico ta Amurka, a 2015, waɗannan biyun ne suka fi tashe: Derek Rodgers ya ci a 2017 da .375 CheyTac, Robert Brantley ya ci a 2018 da .416 Barrett.

Duk da haka tsohon bai sauka ba. A 2017 wani sojan Kanada ya kai mita 3,540 a Iraƙi da .50 BMG, harsashin ya yi kusan daƙiƙa goma a sama. A irin wannan nisa, zafin rana, tsayin wuri, iskar da ke kaɗawa a tsakiyar hanya, har juyawar duniya, duk sai an lissafa. Wanda ya san iskar hunturu a filin Zazzau, da hazon da ke rufe dutsen Kufena, zai gane cewa rabin aikin na abokin maharbin ne, mai duba madubi yana karanta iska.

Sojoji ma ba sa bin tarihin bajinta wajen saye. A 2019 rundunar musamman ta Amurka ta zaɓi Barrett MRAD, wadda ake sauya wa bututu ta harba .300 Norma Magnum ko .338 Norma Magnum, duka ƙanana a kan .50. A ganina wannan zaɓi ya fi dacewa da dazukan Birnin Gwari da Giwa, inda soja ke tafiya a ƙafa kuma itatuwa ba sa barin ido ya ga kilomita uku. Kuɗin da za a zuba a kan babbar bindiga ɗaya gara a raba shi, a sayi harsasai masu inganci iri ɗaya da za su ishi maharbi ya yi ta atisaye a Jaji har hannunsa ya faɗa.