Doguwar jijiyar ƙwanji

Doguwar jijiyar ƙwanji ita ce ke ɗaure ɗaya daga kawunan tsokar ƙwanji biyu a cikin gaɓar kafaɗa. Tsawonta kusan santimita 9 ne, kaurinta milimita 5 zuwa 6. Tana tasowa daga ɗan tudun da ke saman kwarmin allon kafaɗa da leɓen guringuntsin da ya zagaye kwarmin, ta haura kan ƙashin damtse, ta gangara cikin wani kwari a gaban ƙashin. Ɗaya kan tsokar, wato gajeren, ba ya shiga gaɓar, shi ya sa bai cika kawo ciwo ba.

Bambancin halitta

A 1994 likitan ƙashi Vangsness da abokan aikinsa sun duba kafaɗu 100, suka kasa yadda jijiyar ke kama leɓen gida huɗu: gaba ɗaya ta baya, galibi ta baya, daidai gaba da baya, ko galibi ta gaba. Na ƙarshen ne mafi ƙaranci, kashi 8 kawai. A 2009 wani likita, Dierickx, ya ga wasu siffofin cikin kusan kashi 2 na kafaɗun da aka leƙa da kyamara: jijiya mai rabuwa biyu, mai manne da rufin gaɓa, da wadda aka haifi mutum ba ita.

Wasu kan samu kai na uku a tsokar. An fi faɗin kusan mutum 1 cikin 10, amma binciken gawawwaki a Afirka ta Kudu a 1993 ya samu kusan kashi 20 a baƙar fata.

Sanin waɗannan yana da muhimmanci, domin likitan da bai saba da su ba yana iya ɗaukar halitta a matsayin rauni, ya ɗinke abin da bai yage ba, kafaɗa ta sandare. Ko bambancin da kansa na jawo ciwo, masana ba su daidaita ba.

Cututtuka

Ciwon kan tsaya a gaban kafaɗa, ya tsananta idan an ɗaga hannu sama da kai, kamar wajen daka, ɗora buhu a mota a kasuwar Marwa, ko tura kwalekwale da gora a Binuwai. Jijiyar kan kumbura saboda gogayya cikin kwarin, ko ta zame daga cikinsa idan zaruruwan da ke riƙe ta sun yage. Da wuya ta lalace ita kaɗai. Sau da yawa jijiyoyin da ke juya kafaɗa ma sun taɓu. Ɓallewar leɓen daga sama, da ake kira SLAP, likita Snyder ne ya kasa ta gida huɗu a 1990.

Idan ta tsinke, galibi bayan shekara 40, tsokar kan dunƙule ta sauko kusa da gwiwar hannu. Wannan ba gocewar ƙashi ba ce, jan mai ɗori ba ya mayar da ita.

Magani

Ana farawa da hutu, maganin kumburi da atisayen kafaɗa. In abin ya ƙi, a yanke jijiyar a sake ta, ko a dasa ta a ƙashin damtse. An fi yi wa masu aikin ƙarfi dashen.