Akwatin Zuƙe Tururi Marar Bututu Ba Ya Tace Kowane Sinadari

Masu sayen kayan ɗakin gwaje-gwaje da yawa sun ɗauka akwatin zuƙe tururi marar bututu, wanda ake aiki da sinadarai masu guba a cikinsa, maganin kowane sinadari ne, ga arha, ga sauƙin girkawa. Ina! Iskar da ya zuƙa ba waje take fita ba. Ta cikin matatar gawayi take bi, ta dawo ɗakin da ake numfashi. Gawayin kuwa yana da zaɓe: yana riƙe tururin sinadarin toluwin sosai, amma na sinadarin metanol sai ya sulale. Ita kuma matatar HEPA, wato matatar iska mai tare ƙananan ƙwayoyi da ake sa wa wasu akwatunan, ƙura take kamawa, ba tururi ba. In gawayin ya ƙoshi, guba ta wuce salin-alin. Shi ya sa dillalin kirki sai ya ga jerin sinadaranka kafin ya yanka farashi, har da kuɗin canjin matata.