Maƙalewar ƙanƙara a injin ƙanƙarar firiji

Injin ƙanƙara ƙaramin sashe ne a cikin firizar wasu firiji, wanda ke jawo ruwa da kansa, ya daskarar da shi, ya zubo ƙanƙarar cikin kwando. Kamfanin Servel na Amurka ne ya fara sayar da firiji mai irinsa a 1953. Cikin matsalolin da ake yawan kai wa masu gyara akwai wadda ƙanƙara za ta yi tsaf a mazubi, wato farantin da ruwan ke daskarewa a ciki, amma ta ƙi faɗowa.

A injin da ke da mazubin ƙarfe, zafi ne ke sakin ƙanƙarar. Akwai na'urar auna sanyi manne da mazubin. Da zarar sanyinsa ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, sai ta kunna wata siririyar hita da ke ƙarƙashi. Hitar ta ɗan narkar da gefen ƙanƙarar, sannan wasu yatsun roba su juyo su kwashe ta. Idan hitar ta ƙone, yatsun za su zo su dafe ƙanƙarar su tsaya cak, wani lokaci a ji injin yana gurnani. Idan na'urar auna sanyin ce ta mutu, yatsun ba sa ko motsi. Mai gyara yakan gane wadda ta lalace da mitar gwajin lantarki, kuma sau da yawa sauya injin gaba ɗaya ya fi sauƙi.

Wasu firiji kuwa mazubin roba gare su, ba hita. Inji ne ke kifa shi, ya murɗa shi har ƙanƙarar ta ɓalle. Idan robar ta tsage ko haƙoran giyar da ke juya shi suka cinye, ba za ta ɓalle ba.

Amma ba kullum ne laifin inji ba, kuma da ƙananan abubuwa ya kamata a fara. Firiza tana son digiri 18 ƙasa da sifili. Idan ba ta kai sanyin da ya dace ba, injin ba zai fara sakin ba. Akwai kuma siririyar sandar ƙarfe da ke taɓa tarin ƙanƙara a kwando: idan ta maƙale a sama, injin zai ɗauka kwandon ya cika. Ruwa mai yawan ma'adinai, irin na wasu rijiyoyin burtsatse, yana barin farin ɓawo a mazubi, ƙanƙara ta riƙa mannewa. Inda ake yawan ɗauke wuta kuma, ƙanƙara takan fara narkewa ta sake daskarewa ta zama dunƙule ɗaya, ta haɗe da yatsun.

Kafin a taɓa komai a cire filogi daga soket. Ruwan ɗumi ake zubawa a mazubi a narkar da dunƙulen, a goge da tsumma. Sa wuƙa ko sukudireba ganganci ne, domin yana kankare santsin mazubin, ƙanƙarar gaba ta fi ta baya maƙalewa.