Ƙungiyoyin 'Yan Mazan Jiya na Rundunar BCOF

Ƙungiyoyin 'yan mazan jiya na BCOF ƙungiyoyi ne na tsoffin sojojin ƙasashe renon Ingila da suka yi aikin mamaya a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946 zuwa 1952. Cikakken sunan rundunar shi ne British Commonwealth Occupation Force, amma da gajeren sunan nan na BCOF aka fi saninta. Mafi ƙarfin ƙungiyoyin sun kasance a Ostareliya, inda rassan jihohi suka haɗu a ƙarƙashin wata majalisar zartarwa ta ƙasa, sai kuma Niyu Zilan, inda ake kiran sojojin da sunan J Force. Ayyukansu ba su wuce uku ba: sada zumunci tsakanin tsoffin abokan bariki, tunawa da waɗanda suka rasu, da neman gwamnati ta amince cewa aikin da suka yi a Japan ya cancanci lambar yabo, fansho da kulawar asibiti. Na ukun nan ne ya cinye mafi yawan shekarun ƙungiyoyin.

Asalin rundunar

Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, kuma Amurka ce ta riƙe ragamar mamayar a ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur. Ostareliya, wadda ta sha wuya a yaƙin tekun Fasifik, ta nace cewa sai an dama da ita. A watan Disamba 1945 aka cimma yarjejeniya tsakanin MacArthur da Laftanar Janar John Northcott na Ostareliya, aka kuma sanar da kafa rundunar a ƙarshen Janairu 1946. Sojojin farko sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Kure a watan Fabrairu.

Ƙasashe huɗu ne suka ba da dakaru: Ostareliya, Birtaniya, Indiya da Niyu Zilan. Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama ba sa cikin wannan runduna. Ostareliya ta aika da Birged ta 34, wadda aka haɗa a tsibirin Morotai daga sojojin da suka shiga don raɗin kansu, mai bataliyoyi uku, ta 65 da ta 66 da ta 67. Niyu Zilan ta kawo Birged ta 9, akasarinta kai tsaye daga Italiya. Birtaniya da Indiya kuwa sun haɗa runduna guda a ƙarƙashin Manjo Janar David Cowan, mai ɗauke da Birged ta 5 ta Birtaniya da Birged ta 268 ta Indiya. Akwai kuma sojojin sama a sansanonin Iwakuni, Bofu da Miho, da sojojin ruwa a Kure. A lokacin da rundunar ta fi cika, ana ƙiyasta mutanenta da kusan 40,000.

Duk kwamandojinta uku 'yan Ostareliya ne. Northcott ya riƙe ta 'yan watanni kawai, Laftanar Janar Horace Robertson ya karɓa a tsakiyar 1946 ya zauna har 1951, sannan Laftanar Janar William Bridgeford ya ƙarasa. Ganin sojojin Birtaniya a ƙarƙashin kwamandan Ostareliya sabon abu ne a wancan zamani, kuma tsoffin sojojin suna yawan ambatonsa da alfahari.

Inda suka zauna da abin da suka yi

Yankin da aka ba BCOF shi ne kudu maso yammacin Japan: lardunan Hiroshima, Yamaguchi, Shimane, Tottori da Okayama, da dukan tsibirin Shikoku. Mulkin farar hula bai shiga hannunsu ba, domin wannan Amurkawa suka riƙe wa kansu. Nasu aikin shi ne kwance ɗamarar Japan da tsaron yankin.

Garin Kure, wanda shi ne babbar cibiyar sojojin ruwan Japan a da, ya sha ruwan bama-bamai, sojojin suka tarar da shi kango. Sun iso cikin tsananin sanyi daga ƙasashe masu zafi, aka zuba su a tsoffin barikoki marasa abin ɗumama ɗaki. Birnin Hiroshima, inda aka jefa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta 1945, yana da tazarar kimanin kilomita 20 daga Kure. An ajiye Bataliya ta 67 a Kaitaichi, a bakin birnin. Sojoji da yawa sun yi sintiri a cikin kangon, wasu sun shiga don ganin ido, suna tsince-tsincen fale-falen rufi da gilasan da wuta ta narkar su kai gida a matsayin tsaraba. Bayan shekaru da yawa, waɗannan ziyarce-ziyarce su ne suka zama ginshiƙin ƙorafin ƙungiyoyin.

Aiki mafi haɗari shi ne lalata makamai. Sojojin Japan sun haƙa ramuka da koguna a duwatsun yankin sun cika su da harsasai, nakiyoyi da albarushi, kuma dole a binciko su ɗaya bayan ɗaya a fasa ko a zubar a teku. A ƙaramin tsibirin Okunoshima akwai masana'antar da Japan ta yi ta haɗa iskar guba a ɓoye, kuma kwashe tarin gubar da ke can ya faɗo a yankin BCOF. An yi asarar rayuka a irin waɗannan ayyuka, cikin sojoji da kuma leburorin Japan da ke aiki tare da su.

Ban da wannan, sun kula da tashoshin da ake sauke sojojin Japan masu dawowa daga ƙasashen waje, irin su Otake da Ujina. 'Yan Niyu Zilan sun tsaya a Senzaki, inda ake mayar da 'yan Koriya gida. Sun yi sintirin hana fasa-ƙwauri a gaɓar teku, sun sa ido a zaɓen Afrilu 1946, wanda shi ne na farko da matan Japan suka jefa ƙuri'a, sun kai agaji bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Shikoku a Disamba 1946, sun kuma riƙa karɓa-karɓar gadi a ƙofar fadar Sarkin Japan a Tokyo.

Rundunar ba ta daɗe da cikarta ba. Birtaniya ta fara janye sojojinta a 1947 saboda ƙarancin kuɗi da na mutane, Indiya ta janye a wannan shekarar da ta sami 'yancin kai, Niyu Zilan ta bi baya a 1948. Daga nan kusan 'yan Ostareliya kaɗai suka rage. Ana shirin su ma su tattara, sai yaƙin Koriya ya ɓarke a Yuni 1950. Jiragen rukuni na 77 na sojojin saman Ostareliya suka tashi daga Iwakuni zuwa fagen daga, tsohuwar Bataliya ta 67, wadda a lokacin ta koma bataliya ta uku ta Royal Australian Regiment, ta bi su a watan Satumba. An rufe babin BCOF ranar 28 ga Afrilu 1952, ranar da yarjejeniyar zaman lafiya ta San Francisco ta fara aiki. Jimillar 'yan Ostareliya da suka yi aiki a cikinta ta kai kimanin 16,000, 'yan Niyu Zilan kuma kimanin 12,000.

Dalilin kafa ƙungiyoyin

Tarbar da suka samu a gida ba ta yi armashi ba. Jama'a suna ganin yaƙi ya riga ya ƙare kafin su tafi, don haka ba a ɗauke su tamkar waɗanda suka yi gumurzu a fagagen Yaƙin Duniya na Biyu irin su Tobruk ko Kokoda ba, ko da yake da yawa daga rukunin farko sun yi yaƙin kafin su wuce Japan. Jaridun Ostareliya na wancan lokaci sun cika shafukansu da labarin kasuwar bayan fage da yawaitar ciwon sanyi a cikin rundunar, har gwamnati ta tura masu bincike a 1948. Wannan tabo ya bi su shekara da shekaru, ya shafi mai laifi da marar laifi.

A Niyu Zilan abin ya fito fili: sai a 1964 aka ba sojojin J Force damar shiga babbar ƙungiyar tsoffin sojoji ta ƙasar, da kuma neman fanshon yaƙi. A Ostareliya ma, matasan da suka shiga soja bayan an gama yaƙi suka tafi Japan sun tarar ba su da cikakken gurbi a tsarin kula da 'yan mazan jiya. Mutumin da ya kwashe watanni yana fitar da nakiyoyi daga kogo, ya dawo aka ce masa aikin zaman lafiya ya yi. Wannan ne ya tura su neman juna.

Ƙungiyoyin sun taso ne sannu a hankali, daga taron tsoffin abokan bataliya zuwa rassa a jihohi, kuma sun fi ƙarfi a wajen shekarun 1980 da 1990, lokacin da mambobin suka yi ritaya suka sami sukunin rubuta wasiƙu da zirga-zirgar ofisoshi. A Ostareliya sun riƙa buga mujalla mai suna Shinbun, wadda ke ɗauke da tuna baya, tsoffin hotuna, sanarwar taro da jerin sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mai neman sanin yadda ƙaramin soja ya ga mamayar, ba yadda janar-janar suka rubuta ta ba, zai fi samun abin da yake nema a irin waɗannan shafuka.

Gwagwarmayar neman amincewa

Nasarar farko ta zo a 1995, shekara hamsin da ƙare yaƙin. Ostareliya ta ƙirƙiro lambar yabo ta aikin soja na tsakanin 1945 da 1975, aka kuma ba 'yan BCOF ita da alamar Japan a jiki. Niyu Zilan ta fito da tata lambar a wannan shekarar domin J Force. Lamba dai ta faranta musu rai, amma ba ta biyan kuɗin asibiti.

Babbar buƙatarsu a Ostareliya ita ce katin nan da ake kira Gold Card, wanda ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ke bayarwa, mai ɗauke wa mutum kuɗin jinyar kowace irin cuta ba tare da sai ya tabbatar cewa aikin soja ne ya jawo ta ba. Hujjarsu ita ce yawan ciwon daji da suke gani a tsakaninsu, wanda suke dangantawa da zaman da suka yi kusa da Hiroshima, da kuma guba da sinadaran da suka taɓa da hannunsu. Hukumomi sun tsaya a kan ra'ayin masana cewa tururin nukiliyar ya riga ya ragu ƙwarai kafin sojojin su iso, wata shida bayan jefa bam ɗin. Ba a taɓa daidaitawa a kan wannan batu ba.

A 2003 wani kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a John Clarke ya ba da shawarar a ɗauki aikin BCOF daga Fabrairu 1946 zuwa 30 ga Yuni 1947 a matsayin aiki mai kama da na fagen yaƙi. Gwamnati ba ta karɓi shawarar ba. Ƙungiyoyin suka ci gaba da kai ƙorafi ga 'yan majalisa da ministoci, gwamnati na zuwa tana wucewa, mambobi kuma na raguwa kowace shekara. Sai a kasafin kuɗin 2017 aka amince, aka fara ba su katin daga 1 ga Yuli na wannan shekarar, tare da waɗanda suka halarci gwaje-gwajen nukiliyar Birtaniya a Ostareliya. Wanda ya sauka Kure yana ɗan shekara ashirin ya riga ya haura casa'in a lokacin, kuma mafi yawan waɗanda suka fara wannan fafutuka ba su ga ranar ba. Jinkirin ya yi yawa ga mutanen da buƙatarsu ba ta wuce jinya ba.

Tunawa da mamata

Waɗanda suka rasu a bakin aiki, ta hanyar haɗari, fashewar makamai ko rashin lafiya, akasari suna kwance a maƙabartar sojojin ƙasashe renon Ingila da ke Hodogaya a Yokohama. Ƙungiyoyin sun shirya ziyarce-ziyarce zuwa can da Kure da Hiroshima. A gida kuma sun kafa duwatsu da allunan tunawa a garuruwa da dama, har da wanda ke harabar babban gidan tarihin yaƙi na ƙasa a Canberra, wanda aka kafa a wajen ƙarshen shekarun 1990. Kowace ranar Anzac, 25 ga Afrilu, ranar tunawa da sojojin Ostareliya da Niyu Zilan, sun riƙa yin fareti a bayan tutarsu.

Iyalai

Tun farko Northcott ya haramta wa sojoji cuɗanya da 'yan Japan, amma dokar ba ta hana soyayya da aure ba. Gwamnatin Ostareliya, mai manufar hana waɗanda ba farar fata ba shiga ƙasar, ta ƙi barin matan Japan da sojoji suka aura su shigo har sai 1952. Cherry Parker, matar Gordon Parker, ita ce ta fara isa a wannan shekarar, kimanin mata 650 kuma suka biyo bayanta. Akwai kuma matan sojoji da 'ya'yansu da aka kai Japan daga 1947, aka zaunar da da yawansu a unguwar Nijimura kusa da Hiro, a yankin Kure. Waɗannan yara, da suka girma, sun zama masu riƙe tarukan tunawa. An bar wasu 'ya'yan da sojoji suka haifa da matan Japan a Kure ba uba, cikin talauci da tsangwama, kuma ba kasafai ake jin labarinsu a wajen bukukuwa ba.

Abubuwan da ake jayayya a kai

Masana tarihi sun kawo rahotannin cin zarafin fararen hula, har da fyaɗe, daga wasu sojojin rundunar. Tsoffin sojoji da yawa suna ganin an zuzuta lamarin. Ba a yi ittifaƙi a kan girmansa ba.

Halin da ake ciki

Tsufa da mutuwa sun sa rassa da yawa sun rufe. Takardu, hotuna da tutocinsu sun koma gidajen tarihi da ɗakunan karatu, ko hannun 'ya'ya da jikoki.